Injin Gado a Gindin Ɗorawa

Ku yi haƙuri da rubutuna, ban iya tsara magana ba, kuma sauri nake kar wani ya leƙo ya gan ni. Abin ne ya tsaya min a wuya. Ni ko ido ba na iya haɗawa da Baba, balle in sa baki a zancen inji. Amma ɗazu Goggo Tabawa, ƙanwar kakanmu, ta zo ta tarar da Baba da Baffa Ɗanjuma sun baje injin casar shinkafarmu a ƙofar gida, kowa yana ɗora wa ɗan'uwansa laifi, ga shinkafa a yanke tana jira a fadama. Ta ja turmi ta zauna, ta ce, "Kai Ɗanladi, ajiye sifanar nan. Kai ma Ɗanjuma rufe min baki." Ina bayan zana ina ji. Ga abin da ta faɗa musu, iya wanda na riƙe.

Ta ce an yi wani manomi da ya mutu ya bar wa 'ya'yansa biyu injin casa. Tsoho ne injin, amma mai shi ya riƙe shi da mutunci. Da an gama kaka zai wanke shi, ya shafa masa giris, ya rufe shi da tamfol a gindin ɗorawa. Da ya rasu aka raba gonaki, inji kuwa ba ya rabuwa, sai aka ce na su biyu ne. To shi ke nan, na kowa ya zama ba na kowa ba. Babban ya yaye tamfol ɗin ya shanya barkono, ya ce gobe zai mayar. Ƙaramin ya kwance noti ya ɗaura wa babur ɗinsa, ya ce ai guda ɗaya ne. Babban ya ga haka, ya ce ba zai yarda a cuce shi ba, ya tsiyaye baƙin man ya shafe ƙafar amalanke. Ƙaramin ya yanki bel ya yi wa ƙofar garke mariƙi. Damina ta sauka a kan inji tsirara. Tsatsa ta ci, zanzaro ya gina gida a salansa, kaza ta yi ƙwai a bakin da ake zuba shinkafa har ta ƙyanƙyashe. Kullum ta gabansa suke wucewa zuwa masallaci, kowa ya kau da kai, yana jiran ɗan'uwansa ya fara taɓawa.

Sai kaka ta yi. Shinkafa ta yi kyau irin wanda ba a taɓa gani ba, aka yanke, aka tara a fadama. Mai gari ya sa aka yi shela cewa ranar kasuwa mai zuwa za a saki gonaki ga makiyaya, kamar yadda aka saba, wanda bai kwashe nasa ba kar ya kawo ƙara. Ranar shelar ce suka tuna suna da inji. Suka ruga wajen bakanike, suka tarar da injinan gari uku a layi, ko ɗago kai bai yi ba. Suka dawo suka kori kaza, suka zaƙule salansa da tsinke, suka ɗaure da waya inda noti ya kamata, suka yanko tsohuwar robar taya a madadin bel. Aka ja igiya, aka ja, aka ja, har inji ya yi tari ya tashi. Mata suka yi guɗa. Dami na farko ya shiga lafiya. A na biyu waya ta tsinke, haƙoran ciki suka kwance suka dinga dukan juna, inji ya yi wata ƙara kamar ana yanka shi, ya tofo hayaƙi ya mutu, mutuwar da ba tashi. Su kuwa maimakon su nufi fadama, sai suka kama wuyan rigar juna. Matansu da 'ya'yansu mata aka tura da sanduna, suka yi ta bugu rana tana dukansu, hannu ya yi bororo ya fashe, ƙaiƙayi ya cika ido. Ko rabi ba su kai ba ranar kasuwa ta zo. Shanu suka shigo, kuma ba su yi laifi ba, ranarsu ce. Abin da aka yi damina guda ana wahala a kansa, a tsaye suka cinye shi, masu gona suna kallo.

Goggo ta kaɗe zaninta ta miƙe. Ta ce, "Ba tsufa ne ya kashe injin nan ba. Uban ya fi su talauci, amma a hannunsa bai taɓa kwana a ruwa ba. Ku da gemunku sai na tuna muku? Ba a fafe gora ranar tafiya."

Baba ya sunkuyar da kai yana juya wani noti a tafin hannu. Ni kuwa zuciyata tafasa take, don na san su waye za a tura fadamar, mu mata ne, ga jarrabawa a gabana, kuma da a ce ina da bakin Goggo da na fito na ce musu... Ga wani nan tafe, bari in ɓoye rubutun nan.