Wankan Baba Gide

Baba, yau ma na bi ta rumfarka a kasuwar 'Yankara. Tandar waina na nan a kife, kaji na tono a murhun.

Shekara da shekaru suna cin wainarka suna zaginka. Ɗan daudu, in ji su. Rabo mahauci ya fi kowa baki: "Gide, yaushe gemun nan zai tsiro? Ko sai damina ta zauna?" Kai dai ka juya waina, ka zuba masa mai zafi. In na duƙa neman dutse, kai ke riƙe hannuna.

Ba ka taɓa bin maza wanka a rafi ba, suka ce girman kai. A masallaci kullum kana can baya, bakin ƙofa, kuma kowane wata ciwon ƙafa kan hana ka zuwa 'yan kwanaki. Suka ce ba ka da addini.

Da na matsa da tambayar uwata, ka ce, "Ta ɓace tun kana goye, Harisu. Kuma kada ka taka garin Sabuwa. Inda muka baro, in miji ya mutu, ranar yaye danginshi ke zuwa su ɗauke ɗa, su bar uwa da zanen goyo." Na ɗauka hira ce kawai.

Zazzaɓi ya ɗauke ka da hantsi, ana tsakiyar tsinkar auduga. Na ruga ƙofar Liman Zailani. Masu wankan gawa na zaune, kowa ya sadda kai.

Rabo ya ce, "To wa zai wanke shi? Mu, ko matan?" Aka yi dariya, Baba. Kana kwance ko sanyi ba ka gama yi ba, aka yi dariya.

Liman ya ce, "Salla dai za mu yi mishi. Wanka kuwa, kai ne ɗanshi."

Tsohuwa Lauratu, maƙwabciyarmu, ta ɗumama ruwa ta aje bakin ɗaki tana share ido. "Mace ba ta taɓa gawar namiji, ɗana. Ba don haka ba, da na shiga."

Na shiga ni kaɗai, da ɗan abin da na tsinta a makarantar allo. Na cire taguwarka. A ƙarƙashinta wani tsohon rawani ne naɗe a ƙirjinka, ɗaurin ya ci fata har ya yi hanya. Na warware shi.

Na daɗe a durƙushe, har ruwan ya huce. Sannan na lulluɓe ka da zane, na zuba ruwan ta samansa, na naɗe likkafani da hannuna.

Liman ya tsaya saitin tsakiyarka, inda ake tsayawa ga maza. Rabo na sahun gaba, har da ƙanƙan da kai. Na cije leɓe har na ji gishirin jini. A ranar ne kaɗai suka yarda kai namiji ne.

Ni kuwa na ga abin da rawanin ya danne duk tsawon rayuwata: nonon da na sha, da nanƙarwar cikin da ya ɗauke ni. Ban faɗa wa kowa ba tukuna, Inna.