Mota Mai Leda

Tunda ka tambaya, gyara zama ka ji. Ba na maimaita magana.

An yi wani direba a tashar garinmu, mai jigilar mutane zuwa birni. Shekara talatin yana kan hanya, bai taɓa riƙe motar da wani bai gaji da ita ba. Amma Allah ya ba shi kunne. In za a sayi mota shi ake kira. A tayar da inji, ya kara kunnensa a bonet, ya lumshe ido, ya faɗi ciwon da ke cikinta tun makanike bai ɗauko sifana ba. Sunansa ne na uku a allon layi, wato allon katakon da ke rataye a rumfar ƙungiya, wanda ake bi wajen yin lodi. Maigidan da ya koya masa tuƙi ne ya bar masa gurbin. Dokar tashar kuwa tsohuwa ce: wanda ya kwana arba'in bai kawo mota layi ba, a goge sunansa.

Da fetur ya yi tsada, tsohuwar motarsa ta koma kamar rariya, abin da ya samo da safe ta shanye kafin la'asar. Ya sayar da ita. A makon nan dillali ya kawo masa wata 'yar kwatano, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, irin masu haɗa fetur da lantarki, batir ya ja ta in ana tafiya a hankali, inji ya karɓa in an taka. Kuɗin hannunsa sun isa har da saura. Direbobi suka kewaye, aka danna maɓalli, fitilu suka kama. Ya kara kunne. Shiru. Ya ce, "Tayar da ita mana." Dillali ya ce, "Ai a tashe take, maigida." Aka kwashe da dariya, dariyar nan kuwa ta soke shi har ƙashi. Ya miƙe ya karkaɗe hularsa ya ce, "Motar da ba ta magana munafuka ce." Aka ce akwai mai na'ura a birni da ke duba lafiyar batirin, a kai masa. Ya ce shi ba zai tambayi na'ura abin da kunnensa bai gaya masa ba. Dama zuciyarsa na wani wuri. Wani kamfani ya yi shelar zai shigo da sababbi fil, ya kuwa riga ya rubuta sunansa. Burinsa ke nan tun yana saurayi, ya shiga mota kujerunta na cikin leda, ya bar ledar nan wata shida kowa ya gani. A gaban jama'a ya rantse ba zai ƙara zama a kujerar da wani ya ɗumama ba.

Sai jira. Yau a ce jirgin na kan ruwa, gobe a ce ya iso amma takardu ba su fito ba, jibi a ce dala ta tashi, sai an sake farashi. Ciki kuwa bai san jirgin ruwa ba. Kuɗin motar suka fara fita ta ƙofar gida: buhun masara, maganin uwargida, ragon sunan jika. Kullum yana zuwa tasha da wankakkiyar riga, ya zauna a benci ƙarƙashin allo yana kallon sunansa. Da arba'in ta cika, shugaban tasha ya dubi furfurarsa ya ƙara masa wata arba'in. Abokinsa na huɗu a layi, wanda ya sayi motar da ya ƙi, ya same shi a gefe ya ce, "Yaya, mai ɗin da nake ƙonawa a sawu ɗaya, yanzu shi ke kai ni ya dawo da ni. Akwai irinta wurin dillalin. Tashi mu je." Ya so tashi, har ya jawo takalminsa da ƙafa. Sai ya tuna rantsuwar da kuma dariyar. Ya ce, "Je ka da bebiyarka, tawa na tafe." Ranar da arba'in ta biyu ta cika, sakatare ya tsoma tsumma a buta, bai dubi kowa ba, ya shafe layi na uku, ya matso da sunayen ƙasa sama.

Sababbin sun iso, bayan damina biyu. Ya je ya gan su a jere, leda na ƙyalli a kujeru. Abin da ya rage masa ko ƙofofin ɗaya ba zai saya ba. Ya miƙa hannu ta taga don ya taɓa ledar, mai gadi ya ce a daina taɓawa. Ya koma wurin dillali, ya tarar 'yan kwatanon ma sun fi ƙarfinsa, kuma ko an ba shi kyauta ba shi da layin da zai sa ta.

Yana tashar har yanzu, kamasho yake yi. Shi ke shelar "Saura mutum ɗaya!" yana cika wa abokinsa motar nan da ya kira munafuka. In ta cika, a miƙo masa na goro ta taga, ta sulale ta bayansa. Mutumin da ke jin ciwon inji daga nesa, sai ya waiwaya sannan yake sanin ta tafi.

Ba a banza Hausawa suka ce ba, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.