Wanda Ya Fille Kan Mangwaron Ƙanensa

Zauna, Istifanus, bar wannan muzurai. Tun Lahadin da aka yi wa Jatau baftisma fuskarka take kamar hadarin gabas, kuma na san abin da ke cinka. Shekara talatin kana share majami'a, shi kuwa shekara talatin yana gindin tukunyar burkutu, yau ga shi ana cewa Allah ya san shi, ya zaɓe shi tun ba a kafa duniya ba. Kishi ne, kira shi da sunansa. Ni ma na taɓa ɗanɗana shi, na san ɗacinsa. Bari in ba ka wani misali.

An yi wani tsoho mai lambun mangwaro a bakin fadama, Allah bai ba shi haihuwa ba. Da matar ƙanensa ta sami ciki na biyu, sai ya je gaban dangi ya kama cikin, ya ce ko mace ko namiji, abin da aka haifa nasa ne, shi zai gaji lambu. Ka lura, abin da ke cikin nan ko kukan fari bai yi ba, balle a ce ya fi wani hankali. Aka haifi namiji, da aka yaye shi aka kai wa tsoho. Ya tashi malalaci, mai barcin hantsi, in an aike shi kasuwa sai an aika a nemo shi. Wansa kuwa, wanda ya rage a gidan ubansu, namijin noma ne, yakan kai kunya goma kafin wani ya kai uku. Duk shekara sai ya cika rumbu da gero, amma ko loma ɗaya ba ta yi masa daɗi, don idonsa na kan lambun can. Har suka yi aure suka tara iyali bai daina sintiri a ƙofar tsoho ba, kullum da sabuwar ƙara: yau ɗanka ya bar awaki sun shiga lambu, gobe ya kwana biyu bai yi ban ruwa ba. Tsoho ya saurara, ya ce ya sani, ya sa a kawo masa ruwa ya sha ya tafi. Wannan "na sani" ita ta fi komai ƙona masa rai.

Wata shekara tsoho ya yi wa ƙananan mangwaro arba'in aure. Ga yadda ake yi: duk mangwaron da ya tsiro daga ƙwallo mai tsami ne, mai zare, sai a tsaga jikinsa daga ƙasa-ƙasa, a soka ɗan reshe daga uwa mai zaƙi, a naɗe da leda. In reshen ya kama, dole a sare kan bishiyar na asali, in ba haka ba shi zai shanye ruwan, baƙon ya bushe. Tsoho ya damƙa wa ɗan nasa aikin saran, ya ce waɗannan arba'in su ne abincin 'ya'yansa nan gaba. Gogan naka ya ce sai gobe, gobe ta zama jibi, har mako uku, 'yan rassan suka fara yaushi. Wan kuwa da ya ji an ba ƙanensa bishiya arba'in, abin duniya ya ishe shi. Ranar kasuwa da rana tsaka, lambu ba kowa, ya tsallaka shinge da adda a hannu. Manomin gero ne, bai san kan mangwaro ba. Ya ga kawuna kore shar sun yi tsawo, ya ɗauka nan arzikin yake, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya fille. 'Yan rassan da ke naɗe a ƙasa ko kallo ba su ishe shi ba, ya zaci ciwo ne aka ɗaure. Ranar ya ci tuwo har da ƙari.

Ba a yi wata guda ba rassan nan suka yi toho, cikin arba'in ɗin ba wanda ya mutu. Bayan shekara huɗu motoci suka fara tsayawa a bakin lambu. Da abin ya ci wan ya cinye, sai ya je gaban tsoho, ya ce, "Baba, me ya yi da ya fi ni? Ni ne fa mai aiki!"

Tsoho ya ce, "Bai fi ka ba. Na san lalacinsa tun yana rarrafe, na kuma san addar da ta yi saran nan. Ban ɗauke shi don zaƙinsa ba, tsami gare shi kamar kowa, zaƙin daga wurina ya fito. Kai kuwa sau nawa ka zo ƙofar nan? Ga mangwaro mai tsami can a tsakar gidanka. Ko sau ɗaya ka taɓa cewa in ba ka reshe?"

To, Istifanus, ni ban san sunayen waɗanda Allah ya zaɓa ba, kai ma ba ka sani ba, don ba ma nan ranar da aka kama cikin. Abin da na sani, ba a taɓa korar wanda ya zo roƙon reshe ba, kai kuwa ƙara kake kawowa. Lokacin da Jatau ya fara raɓowa yana zama a bencin baya, ƙafa ɗaya a majami'a ɗaya a mashaya, wa ya bi gari yana yayata shi har abokan shansa suka ji, suka kore shi daga cikinsu, ya rasa wurin zuwa sai nan? Addarka ce ta yi saran. Hausawa sun riga sun gama magana: hassada ga mai rabo taki ce.