Wasan da Ya Rage Cikin Ashirin

Ranar da aka binne matata hannuna ya gyaru a wasan golf. Babu sauran mai bugo waya ina tsakiyar fili ta ce in biyo da bandar kifi.

A kulob ɗinmu, wasanni ashirin na ƙarshe ake dubawa, a ɗauki takwas mafi kyau, a yanke wa mutum rangwamen bugu. Kowane sabon wasa yana ture mafi tsufa. Rangwamena sai raguwa yake, wai na ƙware.

"Baba, tsohon wasa ɗaya ya rage, mai munin nan," in ji sakataren kulob yana dariya. "Kawo makin gobe mu kore shi."

Na san wasan. Ranar kaɗai Hajiya, matata, ta taɓa rako ni. Duk sanda ƙwallona ya kauce ya faɗa kwarin yashi, sai ta rangaɗa guɗa, tana zaton shi ne ramin da ake nema, na ci ke nan. Ni kuma na dinga aika mata ƙwallon can.

Har yau ina wasa, ina jin daɗinsa, amma na daina kai maki. Sakatare ya ce doka ta hana. Na fi shi karanta ta.

Hajiya, ba wannan ne ramin ba.