Huɗu da Huɗu

"Yarinyar nan daidai ta amsa!" Sabuwar malama ta buga takardar jarrabawa a teburin shugaban makaranta. "A ƙirgen biyar-biyar aka yi tambayar, inda 13 ke nufin biyar ɗaya da uku. Takwas ke nan, kuma tana rabuwa biyu daidai. Makin nan ɗaya ya hana ta gurbin sakandare!"

Ko ɗagowa bai yi ba. "'Yata, shekara ashirin da takardar amsar nan nake duba jarrabawa. Lambar da ta ƙare da uku ba ta rabuwa. Sunayen waɗanda suka ci ma an tura."

Matar da ke share ofishin ta dakata.

"Ranka ya daɗe, ni ma a ajinka haka na amsa. Huɗu da huɗu."

Ta sunkuya, ta ci gaba da shara.