Manomin Albasa da Cikon Haƙori

Tasi'u, ajiye wannan wayar ka dube ni. Ɗazu ina zaune a bencin jira na ji amsar da ka ba matar nan da ta tambaye ka ko hoton haƙori zai taɓa cikin da take ɗauke da shi. Ka ce mata, "Hajiya, ki bar mu mu yi aikinmu." Ni na riƙe hannunka ranar da ka fara yin allura a dasashi, saboda haka ba zan haɗiye wannan ba. Saurara in ba ka misali.

An yi wani manomin albasa da haƙorinsa na turmi ya yi kogo. Ya sa kanumfari, ya kuskure da ruwan gishiri, har ta kai ko ruwan randa ya taɓa wurin sai ya dafe kunci ya tsuguna. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya bar ban ruwa a hannun ƙaninsa ya tafi asibitin gari. Likita ya leƙa bakin ya ce ciko za a yi. Aka kwantar da shi, aka kashe wurin da allura, inji ya yi ta kuka a cikin kansa. Da ya ga ana dama wani abu mai launin toka, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, mene ne wannan da za a sa mini? Na ji ana cewa akwai guba a ciki." Likita ko kallonsa bai yi ba. Ya ce, "Kai ne likitan ko ni? Buɗe baki, mutane na jira." Mutumin ya buɗe baki, aka cike haƙori, ciwo ya tafi. Amma tambayar tana nan. Kullum yana taɓa cikon da harshe. In kansa ya sara, ya ce ko shi ne. In gwiwarsa ta yi sanyi a fadama, ya ce ko shi ne. Ran wata kasuwa, yana cikin sauke buhuna, sai ya ji lasifika a kan wata tsohuwar mota. Wani mai farar riga ya baza hotunan ruɓaɓɓun bakuna a kan tabarma yana ihu cewa ƙarfen da asibiti ke sa wa mutane a haƙori zaiba ce tsagwaronta, tana tsiyaya cikin jini, tana cinye ƙwaƙwalwa, tana kashe mazakuta. Manomi ya matsa. Wannan kuwa bai kore shi ba. Ya ba shi kujera, ya kira shi Baba, ya saurare shi har ya gama, ya amsa duk abin da ya tambaya. Ƙarya ce daga farko har ƙarshe, amma dai amsa ce.

Ya ce wa manomi maganin kawai a cire haƙorin, manomi ya yarda. A nan bayan mota, cikin ƙura da ƙuda, ya sa masa filayar da ya gama aiki da ita a bakin wani, ko ɗauraya babu. Haƙori mai lafiya, wanda aka riga aka gyara, ba ya fita ta daɗi. Ya ja, ya murɗa, haƙori ya karye, saiwar ta zauna a ciki. Ya tura masa auduga ya ce gubar ce ke fita. Kafin kasuwa ta zagayo, kuncin manomi ya kumbura har ya rufe ido, wuya ya yi tauri, baki ya ƙi buɗuwa, wari ya hana 'ya'yansa zama kusa da shi. Mai lasifika kuwa ya naɗe tabarmarsa ya yi gaba, Allah kaɗai ya san bakin wa yake ɓarkewa yanzu. A amalanke aka fito da manomi zuwa bakin titi. A babban asibiti aka tsaga, aka matse mugunya, aka yanke wani yanki na muƙamuƙi da ya riga ya ruɓe. Ya rayu, amma bakin ya karkace, tuwo sai an dama masa kamar na jinjiri, in ya yi sallama sai an ce ya maimaita. Albasar shekarar ta bushe a fadama. Da labari ya kai kunnen likitan farko, ka san abin da ya ce? Ya kaɗa kai ya ce, "Mutanen nan jahilci zai kashe su."

Jahilci! Mutumin da ya ɗaga hannu ya yi tambaya shi ne jahili? Bakinsa ne, jininsa ne, yana da haƙƙin ya san abin da za a binne masa a jiki. Me zai ragu a jikin likita in ya ce masa, e, akwai zaiba a haɗin, ga yadda take, ga waɗanda muke kauce wa sa musu, ga kuma wani ciko fari marar zaiba in hankalinka bai kwanta ba? Mai filaya azzalumi ne, Allah ya isa tsakaninsa da bayin Allah. Amma bai shiga asibiti ya jawo kowa ba. Wanda aka wulaƙanta ne ya je ya same shi da ƙafarsa.

Matar nan ba ta yi nisa ba, na gan ta a wajen karɓar magani. Tashi ka kirawo ta, ka ba ta kujera, ka amsa mata. Hausawa sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.