Filastar Hannun Hagu

Saura minti takwas a tashi wasan ƙarshe na cin kofi, gwiwar ɗan gaba ta daki kan gola. Mataimakin koci, wanda shi ma ya shekara goma sha shida a bakin raga, ya riga likita isa wurin.

Golan ya miƙe yana tangaɗi.

"Nawa da nawa ake?" mataimakin ya tambaye shi.

Ya kasa amsawa. Can ya ce, "Baba, don Allah kar ka fitar da ni. Kai ma da fasasshen kai ka ƙarasa naka wasan, ka ɗauko mana kofi."

Gaskiya ya faɗa. Har yau ana ba da labarin fenaretin da mataimakin ya ture ranar. Shi kaɗai ne bai san an yi ba, sai a talabijin ya gani.

Daga gefen fili babban koci ya daka tsawa: "Zai iya ko ba zai iya ba?"

Mataimakin ya ɗaga hannu ya yi alamar canji. 'Yan kallo suka ɗauki ihu, suna jifansa da robobin ruwa. Golan ya cire safar hannunsa ya watsa masa a ƙirji.

Da mataimakin ya sunkuya zai ɗauka, hannun rigarsa ya zame. Filastar da matarsa ke naɗa masa kullum da safe ta bayyana, da rubutunta a jiki: sunayen 'ya'yansu uku, saboda mantuwar da tsohon bugun kan ya bar masa.

Ya karanta a hankali. Yau ma sunan autar ya ɓace masa, sai da ya gani a rubuce.